Muryar Kalilu Tela

"Laure, ɗaga muna labule, hannuwana duk sun cika."

Maigidana ne, Tamba, rungume da rakoda biyu kamar wanda aka haifa wa tagwaye. A bayansa ga Maigandi, abokinsa na Argungu, ya zuba batura a cikin hularsa yana riƙe da ita da hannu biyu. Na ɗaga labulen suka shiga ɗakin Malam Kalilu da sallama, ni kuma na koma kan tabarma a bakin ƙofa, kusa da matarsa Riskuwa. Ta riga ta ɗaure awaki a bayan madafa, ta kora kaji waje, ta kuma roƙi mai dakan gidan baya ta dakata sai la'asar.

Katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da nasu a Nassarawa, kuma katangar ba ta da sirri. Malam Kalilu tela ne, mutumin Argungu, zaman ɗinki ya kawo shi Birnin Kebbi. Shi da maigidana, wanda masinja ne a ofishin gona, da Maigandi mai kawo bandar kifi kasuwa kowace Juma'a, sun ɗauki shekaru suna wani abu da ni dai na kasa gane amfaninsa. In an sauko daga masallaci sai su kulle kansu a zauren Kalilu. Maigandi ya zaro gurmi daga cikin buhu, maigidana ya kife ƙwaryata, wadda har yau ban yafe ba, Kalilu kuma ya ja waƙa su biyun suna amshi. Ba biki suke zuwa ba, ba wanda ya taɓa yi musu liƙin ko kwabo. Manya da furfura, suna rufe ƙofa kamar masu satar nama a tukunya.

Amma gaskiya ɗaya ce, mutumin yana da murya. Nakan yi ta mita ina yi musu tsiya, sai in tsinci kaina na jingina da katanga, tsintsiya a hannu, shara ta tsaya.

Kaset ɗaya gare su. Su ɗauki waƙa, su saurara sau ɗaya, Kalilu ya girgiza kai ya ce, "Ba ta yi ba. Goge shi, Tamba." Sai maigidana ya mayar da kaset baya, ya danna jan maɓalli, su fice su bar rakoda tana juyawa ita kaɗai a zaure har ta shafe abin da ke ciki. Haka kowane mako. Rabin dalilin tsantseni ne irin na tela, wanda zai warware riga guda saboda zare ɗaya ya kauce. Ɗaya rabin kuwa tsoron yayansa ne. Gidansu ba gidan kiɗa ba ne, kuma in kaset ya yi ƙafa ya je Argungu, za a ce ɗan gidan ya zama maroƙi.

Da damina tari ya kama shi. Aka yi ta jiƙe-jiƙe, aka je asibiti a nan, daga nan aka tura su Sakkwato. Suka dawo da ƙullin magani da kuma irin shirun nan da kowa ya san ma'anarsa. Keken ɗinki ya daina kuka, muryar ta fara shiga ciki.

Riskuwa ce ta zo ta same ni ina tsince shinkafa. Ba su sami haihuwa ba, su biyu ne rak a gidan. Ta zauna ta taya ni tsinta, can ta ce, "Yaya, kin san na mance muryar innata?"

"Wane irin zance na wanga?"

"Wallahi na mance. Huskarta ina ganinta, amma in nic ce bari in ji yadda taka kirana, babu. Ba ni son hakan ta hwaru da Malam. Ko baiti ɗaya na, a bar mani."

Ban ce mata kada ta yi wa mijinta mugun fata ba, don ni ma ina jin tarin ta katanga. Na dai jira maigidana ya dawo na sa shi a gaba.

Sai da aka yi da gaske kafin Kalilu ya yarda. Matsalar ita ce muryarsa ba za ta iya hawa saman ƙwarya da gurmi ba, ga shi ba ya iya fitowa zaure. Nan masanan biyu suka ƙirƙiro dabara. Suka zauna a zaurenmu suka ɗauki kiɗa da amshi su kaɗai, suna barin gurbi a duk inda Kalilu ya saba jefa baitinsa. Za a kunna wannan a hankali a gefen gadonsa, ya rinƙa cike gurbin, rakoda ta biyu kuma, da nata kaset ɗin, tana kusa da bakinsa tana ɗauka. Maigidana ya yi kwana biyu yana yabon kansa a kan wannan dabara, har da cewa ko mutanen gidan rediyo sai haka.

To, ranar ce ta zo. Daga inda muke zaune ina hango ƙafafun Kalilu da gefen fuskarsa. An jingina shi da matasai, ya sa an ɗora masa hula, wai ba ya waƙa da kai a buɗe.

"Kun ga yadda nir rame ko?" in ji shi. "Rigag ga ni niɗ ɗunka ta, yanzu awa ta aro."

"Kai dai buɗe baki," in ji Maigandi. "Rakoda ba ta ganin rama."

Aka danna. Gurmi ya fara, ƙwarya ta shigo. Waƙar da ya fi so ce, ta lokacin da gulbi ke janyewa mutanen Argungu su koma fadama. Gurbin farko ya zo. Na ga ƙirjinsa ya ɗaga, ya jawo numfashi, ya buɗe baki, kafin kalma ta fito sai muryoyin abokansa suka faɗo daga cikin rakoda: "Ruwa ya ja, mu koma hwadama."

Ya yi murmushi, ya jira gurbi na biyu. Wannan karon ya samu ya ce "Kabawa", sai amshi ya hau kansa. A na uku tari ya sarƙe shi, su kuwa na cikin rakoda ko a jikinsu, sai rangaɗa amshi suke da ƙarfinsu, cikin nishaɗi.

Abin da ba wanda ya tuna shi ne, duk shekarun nan ba a kan ƙa'ida suke amsa masa ba, bakinsa suke kallo. In ya ja su jira, in ya tsaya haɗiyar yawu Maigandi ya zagaya da gurmi har ya dawo. Da suka zo barin gurbi sai suka auna shi da numfashin Kalilun da suka sani, mai ƙoshin lafiya. Shi kuwa kaset ba ya kallon bakin kowa.

Maigidana ya kashe rakodar. Mara lafiya yana ta haki. Ban taɓa jin tausayin waɗannan tsofaffin banza biyu ba irin na ranar. Maigandi ya sunkuyar da kai yana murza hularsa.

"Laihinmu na," in ji shi. "Mun yi sauri. Juma'a in Allah ya kai mu in zaka da gurmi, mu yi ta nan gabanka, sannu-sannu. Ka ja mu jira."

"Mi ak kawo wahalag ga tun hwarko?" in ji Kalilu, yana ƙoƙarin dariya. Ya nuna rakoda ta biyu da haɓa. "Goge shi, Tamba."

Riskuwa ta miƙe tsaye. Ban taɓa jin ta sa baki a zancen maza ba sai ranar.

"Malam, a bar shi."

"A bar mi? Haki da tari? So kike in ba ni nan ki riƙa kunna ma mutane suna jin Kalilu shina kuka awa tsohon jaki?"

"Ba mai ji sai ni."

"Ke ɗin ce ban so ki ji. Juma'a in yi maki mai kyau. Goge, Tamba."

Maigidana ya dube ta, ya dube ni. Na harare shi harara mai kyau, irin wadda ya san fassararta. Amma mutumin da ya shekara da shekaru ana ce masa goge yana gogewa, ba ranar zai koyi gardama ba. Ya mayar da kaset baya, ya danna jan maɓalli. Daidai nan aka kira la'asar, suka zari takalma suka fice, suka bar rakodar a kan kujera. Ni ma na tashi na koma gida da haushi cike da cikina, na bar Riskuwa tsaye a bakin ƙofa ta juya wa ɗakin baya.

Ranar Juma'ar da hantsi ina shanya sai na ji muryar Riskuwa ta katanga. Ba ihu ta yi ba. "Yaya," kawai ta ce, kuma daga yadda ta faɗe shi na saki zanen da ke hannuna. Na tarar ta riga ta rufe wa Malam Kalilu ido, ta gyara masa ƙafafu. Ya sha kunu, ya ce a buɗe taga, ta juya ta buɗe, shi ke nan.

Kafin azahar mutanen Argungu sun iso, yayansa a gaba. Maigandi bai sami labari ba. Ya sauka daga mota da buhunsa a kafaɗa, ya shawo kwana, sai ya ga tabarmi a ƙofar gida da mutane zazzaune. Ina leƙe ta zaurenmu na ga ya tsaya cak a tsakiyar hanya, wuyan gurmi ya ɗan leƙo ta bakin buhu. Na aika aka karɓo buhun kafin idon yayan Kalilu ya kai kansa, na tura shi ƙarƙashin gadona. Ko a ranar, sirrin Kalilu muka fara rufewa kafin mu yi kuka.

Bayan sadakar bakwai gida ya watse. Aka bar Riskuwa tana takaba tare da wata tsohuwar goggonta mai nauyin ji, wadda ke wuni tana gyangyaɗi a inuwa. In an gama takaba za a mayar da ita gidansu. Kullum nakan shiga in kai mata abinci, in dawo da kwanon kusan yadda na kai shi. Ba ta taɓa ambaton maigidana da mugun baki ba, shi kuwa tun ranar bai ƙara taɓa ƙwarya ba. Ya maido mini da ita da kansa, ni kuma na rasa abin da zan zuba a ciki.

Wata rana da azahar ta ce, "Yaya, ta hwara."

"Mi?"

"Jiya na so in ji yadda shika ce mani sannu, sai da niy yi ta nema. Ki kawo mani wancan na amshi. Na san baitocin. Ko gurbin in ji, wataƙila muryar ta dawo."

Kiɗa a gidan takaba ba abin da za a so a ji ba ne, amma ban iya ce mata a'a ba. Na ɗauko rakodar maigidana a ƙarƙashin mayafi, da kaset ɗin duka biyu, don ba rubutu a jikinsu, ni kuma ban san wanne ne wanne ba. Muka shiga ɗaki muka saki labule. Na sa ɗaya, na rage murya, na danna.

Ba gurmi, ba ƙwarya, sai wani huci kamar na ruwa a nesa.

"Wanda anka goge na," na ce, na kai hannu zan cire.

Sai muka ji ƙarar takalma suna fita, da kiran salla can ƙasa-ƙasa. Ta riƙe mini hannu. Sai a lokacin na gane. A zaure babu kowa suka saba barin rakoda in tana gogewa, shi ya sa ba su taɓa sanin tana saurare ba. Wannan karon a ɗaki suka bar ta.

Gado ya yi ƙara. Aka yi ɗan tari. Sannan muryarsa, ba ta waƙa ba, ta yau da kullum, kusa kamar yana kan gadon nan da ke bayanmu.

"Riskuwa."

Shiru.

"Riskuwa, hushi kike da ni?"

A cikin kaset ɗin ba ta amsa ba. Sai ƙarar tsintsiya daga tsakar gida, ana shara da ƙarfi, sharar mai fushi. Na dube ta, ta sa gefen mayafi ta toshe bakinta.

"To, ki yi haƙuri," in ji shi. Ya numfasa, ya daɗe, kuma wannan karon ba abin da ya hau kansa. "Ke dai kin cika gaugawa. Kwance awakin nan, sun gaji da ɗauri." Ya ɗan yi tari. "Kin ko ci abinci yau?"

Tsintsiyar ta ci gaba. Daga nan sai numfashinsa kawai, yana tafiya a hankali har barci ya ɗauke shi, kaset ya kai ƙarshe maɓalli ya ɗaga da kansa.

Ni dai kuka nake, ba na ma ɓoyewa. Ita kuwa ta jawo rakodar ta ɗora a cinyarta, ta tambaye ni wanne ake dannawa a koma baya. Na nuna mata, na kuma nuna mata jan, na ce kada ta kuskura ta taɓa shi. Ta mayar, ta danna. Takalma suka fita, gado ya yi ƙara.

"Riskuwa."

"Na'am, Malam," in ji ta.

"Riskuwa, hushi kike da ni?"

"A'a. Ban yi hushi ba."

Na tashi a hankali na ɗaga labule. Kwanon tuwon da na kawo tun safe yana nan a bakin ƙofa a rufe. Na tura mata shi ciki kusa da ƙafarta, na saki labulen.