Ƙasar da Na Zuba a Kabarin Baƙo

Kanon Kambai bai san hutu ba, ba ya kuma barin wani ya huta. Shekara goma sha biyu ya yi yana limancin cocin Angalikan a Zonkwa, ya yi bakwai a Handsworth ta Birmingham, sannan aka kawo mana shi nan unguwarmu, Hulme. Amma hali zanen dutse. Duk zaman Turan nan, bai taɓa yarda a binne mutum babu masu rakiya ba. In hukumar gari ta ba shi gawar da ba ta da kowa, sai ya hau waya yana tara mu.

Ranar da ya kira ni rakiyar gawar wani tsohon Bature, raina a ɓace yake. Wata uku ke nan da rasuwar mahaifiyata a Kagoro, takarduna kuma ba su fito ba, in na tafi babu dawowa. A waya na kalli jana'izarta, hoton ya yanke kafin a sa ta a rami. Tun ranar ko ɗigon hawaye ban yi ba. Abin ya tokare mini ƙirji, abinci ya ƙi shiga, duk na rame.

Na ce masa na gaji, kuma ban san wannan tsohon Baturen ba.

"Angelina 'yata, shi ma bai san ki ba," in ji shi. "Ɗaura zanen zumuntar matan coci ki zo."

Mu shida muka tsaya a maƙabarta cikin yayyafi, har da Malam Lawal mai tasi, da ya kawo mu ya ƙi tafiya. Kanon ya yi addu'o'in da Turanci. Da aka sauke akwatin, sai ya ɗauko mana waƙar bankwana da Hausa, irin ta gida. Ya ɗebi ƙasa, ya buɗe tafin hannuna ya sa mini.

"Wata ta zuba wa mamarki a madadinki," ya ce a hankali. "Ke ma zuba wa wannan."

Na zuba. Har gobe ina gode wa bawan Allahn nan, don a wurin ne ƙirjina ya buɗe. Kukan da na yi ya sa wani ma'aikacin maƙabartar ya ɗauka 'yar mamacin ce ni, ya zo yana ba ni haƙuri. Kanon bai gyara masa ba. Ni ma na karɓi ta'aziyyata.