Waliyyin Sadiya

Alfred ya miƙo wayarsa ta saman tebur har ta kusa taɓa hancin Malam Abdulmumini.

"Duba, Oga. 'Yar'uwarka ce a sana'a."

A wayar, hoton wata Baturiya ne, 'yan sanda biyu a gefenta. Alfred, wanda shi ne mataimakinsa a ofishin rajistar aure, ya yi masa bayani yana kurɓar kunu. A can ƙasarsu maza biyu ne suka je neman takardar aure. Dokarsu ta yarda. Ita kuwa ta ce addininta bai yarda ba, ta ƙi sa hannu, aka tsare ta.

"Ta yi daidai," in ji Malam Abdulmumini. "Ni ma haka zan yi. In ajiye musu bironsu, in kama hanyar gidana a unguwar Kumbiya-Kumbiya."

Alfred ya tuntsire da dariya. "A nan wa zai tambaye ka? Doka ta hana, coci ta hana, masallaci ya hana. Kana cika bakin iya ruwa ne a kan yashin Gombe, Oga."

"Gama kununka ka share min allon sanarwa."

Bai rufe baki ba aka yi sallama a ƙofa. Tun kafin ya ɗago ya gane muryar. Halimatu Sadiya ce, 'yar amininsa Bakari wanda ya rasu shekara biyu da suka wuce. Daga aiki take, farar rigar jinya na leƙowa ta ƙasan hijabinta. A bayanta akwai wani dogon saurayi da shi ma ya sani: Sochima, ɗan Onwuka, mai gyaran janareta a unguwar Malam Inna. A Gombe aka haife shi. Lokacin da Bakari ke kwance da na'urar numfashi, shi ne ake kira duk sanda wuta ta ɗauke.

Sochima ya cire hula ya durƙusa har ƙasa. "Ina wuni, Baba?"

"Lafiya lau. Sadiya, ya mutan gida? Me ke tafe da ku?"

"Mun zo ba da sanarwar aure ne, Bappa."

"Madalla. Ta wa?"

Ta dubi ƙafafunta, sannan ta ɗago ta dube shi. "Tamu."

Fankar sama ta yi ta juyawa. Alfred ya ajiye kofinsa a hankali, ya ɗauki fom, ya taɓa kafaɗar Sochima suka fita baranda.

"Ya musulunta?" Malam Abdulmumini ya tambaya da ƙaramar murya.

"A'a. Ya ce ba zai yi wa Allah ƙarya don ya same ni ba. Ni ma ban bar nawa ba, kuma ba zan bari ba."

"Kin san hukuncin Musulma ta auri wanda ba Musulmi ba."

"Na sani. A zaurenka na karanta shi."

"To, me ya kawo ki wurina? Ga Bauchi, ga Jos. Ofis irin wannan ko'ina akwai, inda ba wanda ya san fuskarki."

"Baba ya ce kai za ka aurar da ni," ta ce. "Ina tsaye a wurin, ina gyara masa ƙarin ruwa."

Bai manta ba. Bakari ya kama masa wuyan hannu da yatsu marasa ƙarfi, ya ce, Abdulmumini, kai ne waliyyin yarinyar nan, kada ka bari wani ya ba da ita. Shi kuma ya ce, na ɗauka. A ranar abin da ya hango shi ne tabarmi a ƙofar gida da farin goro, da shi a tsakiya cikin babbar riga.

Shekararsa ashirin da uku a wannan aiki, yawancin waɗanda ke zuwa Kiristoci ne, Tangale da Waja da Ibo, ya haɗa su ya yi musu fatan alheri ya tafi sallah da zuciya wasai. Ƙa'idar kuwa ya haddace ta. Ana liƙa sanarwa a allo kwana ashirin da ɗaya. Duk mai dalilin da doka ta sani na hana auren sai ya zo ya rubuta a littafi. In ba a samu ba, magatakarda ya sa hannu, a ɗaura.

Bayan sun tafi ya daɗe tsaye a gaban allon da takardar a hannu. Akwai wani lungu a bayan ƙofa inda tsofaffin takardu ke koɗewa, ba mai kallonsu. In ya sa ta can, ya rufa mata asiri, kuma ya taimaki abin da bai yarda da shi ba. Akwai kuma tsakiyar allo, daidai idon duk mai wucewa. In ya sa ta nan, kafin Juma'a labari ya kai Malam Inna, wasu su yi masa aikin da shi ba zai iya ba. A ƙarshe ya ƙirga layi kamar kullum, ya soka ta a bayan ta ƙarshe, inda lambarta ta faɗa.

A kwana na tara Suhaib, yayan Sadiya, ya shigo ba ko zama. Direban tanka ne, daga hanya yake, idanunsa jajur.

"Bappa, sunan gidanmu ne a bango kamar tallan magani?"

"Zauna, Suhaib."

"Ba zama na zo yi ba. Takarda ai tana ɓata. Gara tana ci, ruwa yana jiƙawa."

"Gara ba ta taɓa cin takarda a hannuna ba."

Malam Abdulmumini ya jawo babban littafin ƙorafi ya buɗe a gabansa, ya ɗora biro a kai. "Ga shi. Tana da wani mijin?"

"A'a."

"Shi yana da mata? Shekarunta ba su kai ba? Ko akwai jini tsakaninsu?"

"Bappa, haramun ne!"

"Na san haka tun ba a haife ka ba. Amma babu layinsa a littafin nan."

Suhaib ya dube shi kamar bai taɓa ganinsa ba. "Kai da kake jan mu sallah in liman ba ya nan. To, wa kake yi wa aiki?" Ya juya, a bakin ƙofa ya tsaya. "Inna ta daina cin abinci. Ka rubuta wannan in akwai layinsa."

Da la'asar sakaliya Malam Abdulmumini ya hau babur zuwa Malam Inna. Ya tarar da Fatimatu, matar marigayin, a tsakar gida tana tsinke zogale a faranti. Ta rame. Suka gaisa, ta shimfiɗa masa darduma a inuwar darbejiya.

"Ban yarda ba, Malam," ta ce, ba tare da ya tambaya ba. "Na gaya mata, ƙafata ba za ta taka wurin ba. Na yi faɗa, na yi kuka, na yi shiru. Shekararta talatin da ɗaya, ba a ɗaure ta da igiya."

"Ni ma na yi mata magana sau biyu a waya."

"Yaron nan shi ya goyi Bakari a bayansa ya sauko da shi daga mota, ranar da muka dawo daga asibiti." Ta jefa ganye a faranti. "Da mugu ne, da na huta."

Wata kaza ta zo ta saci ganye, ba ta kore ta ba.

"Ni dai kada ta tsaya a can ba kowa nata. Ban ce ka yi komai ba. Abin da na ce ke nan."

Kwana ashirin da ɗaya suka cika, shafin littafin ƙorafi fari fat. Washegari da safe Alfred ya ajiye masa takardar shaida a tebur, bai yi tsokana ba. Malam Abdulmumini ya karanta ta sau uku. An ba da sanarwa. Kwanaki sun cika. Ba wanda ya kawo dalilin doka. Ya nemi ƙarya ko ɗaya a ciki da zai fake da ita, bai samu ba. Ya yi bisimilla ya sa hannu.

"Ɗaurin kuma, ranar Alhamis, kai za ka yi," ya ce.

"Za ta ji zafi, Oga."

"Na sani. Ni zan gaya mata."

Da ta zo da rana ya gaya mata a tsaye, don ya san in ya zauna ba zai iya ba.

"Kenan ka saɓa wa Baba," ta ce.

"Bakari ya ba ni ke in aurar bisa abin da ni da shi muka sani. Takardarki ban ɓoye ba, ban ɓatar ba, na sa mata hannu don gaskiya ce a ciki. Amma in buɗe bakina in haɗa ku, Sadiya, ba zan iya ba. Da shi zan tsaya gaban Allah."

Hawaye ya zubo mata, ta share da gefen hijabi. "Za ka ɗauki hutu ranar?"

"A'a. Ina nan."

Doka ta ce a ɗaura aure ƙofa a buɗe, da rana, gaban shaidu biyu. Ranar Alhamis Alfred ya tokare ƙofar da dutse, ya sa kwat ɗinsa ta zuwa coci duk da zafin da ake yi. Akunna, mahaifiyar Sochima, ta zo da ɗaurin ɗankwali mai tsayi, ta zauna a gefen ɗanta. A gefen Sadiya akwai Jumma, abokiyar aikinta, ita kaɗai. Kujerun bayansu uku babu kowa.

Malam Abdulmumini bai shiga ba. Ya tsaya a baranda daidai bakin ƙofa, cikin babbar rigarsa fara wadda bai taɓa zuwa aiki da ita ba. Daga nan yana ganin bayan Sadiya, da lallen da aka yi mata, wanda na hannu ɗaya ya fi na ɗayan kama. Sau ɗaya ta waiwayo. Bai kau da kai ba.

Alfred ya karanta abin da ake karantawa, suka amsa, suka sa hannu. Duka bai kai minti goma sha biyar ba. Akunna ta ɗan rera waƙa da harshensu, ta ga ba wanda ya kama mata, ta yi shiru.

Da suka fito, Malam Abdulmumini ya ɗaga hannu. "Ɗan Onwuka, zo nan."

Sochima ya durƙusa a kan simintin baranda da sabon wandonsa.

"Cinta da shanta, ka ɗauka?"

Saurayin ya ɗago da sauri. Ya halarci ɗaurin auren abokansa a ƙofar gidaje fiye da yadda zai iya ƙirgawa, ya san waɗannan tambayoyin, ya san kuma wanda ke yin su.

"Na ɗauka, Baba."

"Suturarta, da wurin kwananta?"

"Na ɗauka."

"In ta yi ciwo?"

"Ita ce mai allura, Baba, amma na ɗauka."

Jumma ta toshe baki. Malam Abdulmumini bai yi dariya ba, amma gemunsa ya motsa.

"Sallarta fa? Azuminta?"

"Ɗakin da muka kama, na tambayi maƙwabci inda gabas take tun kafin in sa gado."

"Kunun buɗa baki kuwa nawa ne," in ji Akunna da Hausarta ta kasuwa. "Shekara talatin ina sayar da gyaɗa a garin nan, Malam, ba wanda zai koya min."

Tambayoyi suka ƙare. A ƙofar gida, a nan ne waliyyi ke cewa ya bayar, liman ya ɗaga hannu, maroƙi ya sanar. Duk wanda ke barandar ya san haka, har Alfred. Sochima yana durƙushe yana jira. Sadiya ta riƙe hannun Jumma gam.

Malam Abdulmumini ya buɗe baki, ya rufe. Kalmar ba ta fito ba, kuma bai yi kamar ya manta da ita ba.

"Tashi," ya ce. "Ranar Asabar ka kai ta ta gaida mahaifiyarta. In ba a amsa muku ba, ku yi sallama sau uku ku tafi. Asabar ta gaba ku koma."

"To, Baba."

Ladanin masallacin da ke bayan ofis ya fara kiran azahar. Malam Abdulmumini ya tattare hannun riga ya saɓa a kafaɗa, ya sauka daga baranda.

"Bappa," Sadiya ta kira shi. "A sa mu a addu'a."

"Ke ai kina ciki tun ranar sunanki."

Ya yi taku biyu ya tsaya. Ya daɗe bai juyo ba. Da ya juyo, Akunna ya duba.

"Maman yaro, sunan nan nasa, faɗa min a hankali yadda kike kiransa a gida."

Akunna ta dube shi, ta dubi ɗanta. Ta faɗa. Ya maimaita. Ta girgiza kai, ta sake faɗa, tana jan tsakiyar sunan. Ya sake gwadawa.

"Ya yi," ta ce.

Ya gyaɗa kai, ya nufi wurin alwala ta cikin rana, leɓunansa na motsi.