Shanun da Suka Dawo

Zulaihat na tsugune tana kankare ƙanzon tukunya ta ji kukan saniyarsu Guntuwa a bakin zaure. Da fari ta ɗauka kunnenta ne ke yi mata gizo, don tun ranar da ɓarayin daji suka kore shanun garin take jin kukan nan ko'ina, har a cikin salla. Sai ga ƙyaure an turo shi da ka, irin turowar da babu mai yi sai dabbar da ta san gida. Guntuwa ce a gaba, 'yan'uwanta uku na biye, duk sun rame, ƙafafu dumu-dumu da laka. Suka wuce wurin turakunsu kamar daga kiwo suka taso.

Ta cika baki za ta rangaɗa guɗa, sai ta leƙa ta kan katanga ta hango mutanen da suka biyo shanun. Su ne dai waɗanda suka yi ta zuwa jaje, su ne kuma aka je wa jaje, don babu gidan da abin bai taɓa ba. Suna tsaye jingim, babu wanda ya ce barka. Ta haɗiye guɗarta ta koma bakin murhu.

*

Mijinta Malam Muhtari malamin firamare ne a ƙauyen nasu da ke bayan Sakajiki, kafin tsoro ya rufe makarantar. Da zaman ya ishe shi sai ya sa abokinsa Amadu, direban babbar mota a Kaura Namoda, ya ɗauko masa muturu daga kudu. Shanu ne gajeru, ba tozo, da kaɗan suka ɗara babban rago tsawo. Ranar da aka sauke su garin ya sha dariya har da riƙe ciki. Wasu suka ce awakin Malam, wasu suka tambaye shi ko a kwance ake tatsarsu. Shi dai murmushi ya yi. Cinsu kaɗan ne, ɗan lungun gida ya ishe su, takinsu kuma ya tayar da gonar gero da ta daɗe da gajiya. Kullum da la'asar zai dama musu dusa da kanwa a daro, shi ya sa ko an sake su a jeji, in rana ta karkata gida suke nufa.

Abin da ya gaya wa jama'a ke nan a ƙofar masallaci ranar da shanun suka dawo. Ya ce ɓarayin da babura suke kora, a guje, muturu kuwa ba ta da ƙafar wannan gudun. Watakila a bakin gulbi suka gaji da su suka watsar. Aka gyaɗa kai, aka ce Allah mai iko. Amma da ya miƙa hannu, sai ya ga kowa ya sami abin gyarawa a hularsa.

Maƙwabciyarsu Maijidda ce ta fara zancen shuɗin. Ta shigo wai aron rariya, idonta na kan turke.

"Zulai, wanga shuɗi da ad bayan shanunku, na mi ne?"

Zulaihat ta ce magani ne. Maijidda ta ce to, ta fita, ta manta da rariyar. Kafin azahar zance ya gama gari: an ce a wajen Zurmi haka masu kai wa ɓarayi rahoto suke yi, su sa wa kayansu alama don kada a haɗa da su. Wane ne ya gani a Zurmin? Babu. Amma a garin da aka binne mutum bakwai rana ɗaya, ba a neman wanda ya gani.

Cikin bakwai ɗin har da Auwal, ƙanin Zulaihat, wanda aka harbe yana riƙe da igiyar shanun huɗar babansu.

*

Ita ma ba ta so ta zargi mijinta ba, wallahi ba ta so ba, amma zuciya ba ta neman izini. Tana tuƙa tuwo tana tunawa. Ana gobe ɓarayin za su zo ya fesa wa shanun shuɗin nan, ita ta riƙe masa Guntuwa ma, kuma bai taɓa yi ba sai ranar. Alhamis ɗin kafin nan ya tafi kasuwar Shinkafi, hanyar da maza ke tsoron bi, ya dawo ko ƙwarzane babu. Ga hawan tudun bayan gari da ya tsiro da shi, wai can ne waya ke kamawa, ya juya wa gari baya ya yi ta magana. Da wa?

Ta riƙa kallonsa yana cin abinci, tana neman wani abu a fuskar da ta sani shekara da shekaru. Fuskar dai ita ce, da ɗan tabon nan a haɓa. Wannan ya fi ba ta tsoro.

Da ta gaza daurewa ta tambaye shi wa yake kira a kan tudu. Ya ajiye lomar da ya ɗauko, ya dube ta har ta sunkuyar da kai.

"Har da ke, Zulai?"

Ya wanke hannu ya tafi wurin shanunsa. Malam Muhtari mutumin kirki ne, amma yana da wannan taurin na 'ya'yan malamai: in aka zarge shi da abin da bai yi ba, gani yake kare kai ma ƙasƙanci ne. Kalma biyu da sun ishe ta. Bai ba ta ba, ita kuma ta ɗauki shirun ta ɗora a kan sauran.

Washegari da hantsi, Malam na gona, yayanta Sufyanu ya yi sallama. Tun mutuwar Auwal ya shiga 'yan sa-kai, ya daina dariya, bindigar toka ba ta barin kafaɗarsa. Bai zauna a tabarmar da ta shimfiɗa ba, bai sha ruwan ba. Ya tsaya kan shanun yana kallon bayansu.

"Ba ni son ki yi mai ƙarya, ba ni son ki yi min. Yaushe yas sa musu abin ga?"

"Yaya, magani ne ya ce."

"Ban tambaye ki abin da yac ce ba. Yaushe?"

Ta tuna Auwal a cikin likkafani, da innarsu da har yau ba ta iya haɗiye tuwo.

"Ana gobe za su zo," in ji ta.

Ya tambayi tudun, ta faɗa. Ya tambayi Shinkafi, ta faɗa. Ba ta ƙara ko wasali ba, duk abin da ta ce gaskiya ne, kuma da wannan ta riƙa rarrashin kanta bayan ya fita.

Bayan azahar 'yan sa-kai suka zo da Malam daga gona, hannuwansa ɗaure ta baya da igiyar Guntuwa. Sun ce tambayoyi za su yi masa a bayan gari. Ya roƙa a bar shi ya leƙa gida, aka bar shi iya bakin zaure. Ta zaci zai tambaye ta abin da ta ce, ta shirya kuka. Bai tambaya ba.

"Ki riƙa duba bayan Guntuwa," ya ce. "Kada ki bari ƙuda su zauna."

Wani daga baya ya ce, kun ji ko, har yanzu alamarsa yake ji. Suka tasa shi gaba.

*

Hularsa kaɗai ta dawo. Sufyanu ya ajiye ta a bakin rijiya, ya ce Malam bai amsa komai ba, ya fita bai dubi ƙanwarsa ba. Ba a yi kiran jana'iza ba. Ta shiga takaba a gidan da ko mai tallan daddawa ta daina shiga. Shanun ma babu wanda ya taɓa su. An ce na infoma ne, kowa na tsoron a gan su a turkensa. Ita kuwa ko kallonsu ba ta son yi. Takan watsa musu harawa daga nesa ta juya.

Mutum ɗaya ya zo gaisuwa, Amadu direba, daga Kaura. Ya zauna a zaure, tana daga bayan ƙyaure. Ya yi addu'a mai tsawo. Sannan, don dai ya sami abin cewa, ya tambayi jikin saniyar.

"Wacce?"

"Mai gyambon nan. Ai Malam ya hana ni sakat da waya, kullum sai ya hau tudu ya kira ni, wai kaska ta huda mata baya, ƙuda sun samu wuri. Ni nac ce mai ya tahi Shinkahi ya sawo maganin hesawa, mai shuɗi, ya hesa ma duka huɗun kada ya bazu. Ta warke?"

Zulaihat ta jingina da ƙyauren. Ya jira, ya sake yin addu'a, ya tafi don kada yamma ta same shi a hanya.

Ta taka zuwa turke. Guntuwa na tsaye kai a ƙasa, ƙuda sun yi baƙi a gadon bayanta. Shuɗin ya koɗe. Ta kore ƙudan, ta buɗa gashin da yatsa, sai ga ramin, ya ruɓe, tsutsa na motsi a ciki. Ranar da ta riƙe masa saniyar, kai ta riƙe. Ba ta taɓa zagayowa ta duba ba.

Gwangwanin maganin yana ƙarƙashin rumbu, inda Malam yake ajiye kanwa. Ta ɗebe tsutsar da tsinke, ta wanke wurin da ruwan ɗumi, ta girgiza gwangwanin yadda ta ga yana yi. Ba ta san bakin yana da gaba da baya ba. Da ta danna, rabi ya sami gyambon, rabi ya wanke mata tafin hannu har wuyansa.

Ta je bakin rijiya ta sa sabulu, bai fita ba. Ta sa toka, ta sa yashi, ta goga har fatar ta yi zafi. Tana cikin gogawa ta ji motsi a kan katanga. Maijidda ce, ta ɗora haɓa a kan hannuwanta, ba ta yi sallama ba. Ba fuskar Zulaihat take kallo ba.

Zulaihat ta ja gefen mayafin takabarta a hankali, ta rufe hannun.