Ƙwai Bakwai a Motar Baban Auta

Mijina mai fentin mota ne. Shekara talatin yana fesa wa motocin mutane fenti a gareji, tasa kuwa sai bara ya samu sukunin yi mata. Da kansa ya haɗa kalar, ba shuɗiya ba, ba koriya ba, wani abu ne a tsakani. Da na tambaye shi sunan kalar sai ya ce, "Sunanta kar ki taɓa da hannun miya."

Bayan rasuwarsa motar ta zauna a ƙofar gida, inda ya ajiye ta ranar ƙarshe. Ban iya tuƙi ba, kuma ban yarda kowa ya matsar da ita ba. Na san ta ɗan tare hanya. Sau biyu maƙwabta suna magana, in ce to, in koma ciki.

Wata Talata da safe na fito zubar da shara, na tarar an jefe ta da ƙwai. Bakwai na ƙirga, huɗu a bonet, uku a ƙofar direba. Gwaiduwa ta gangaro har taya. Har yau ban san wanda ya yi ba.

Kunya ce ta kama ni. Mutane na ta zuwa yi mini ta'aziyya, ban so su gani ba. Sai na jawo tamfol na rufe ta, na ce in an rage zuwa na wanke. Kwana uku tana rufe, rana na dukanta.

Da na yaye tamfol, wari ya buge ni. Ƙwan ya bushe ƙayau kamar ƙanzo a gindin tukunya. Ni kuwa maganin ƙanzo ɗaya na sani. Na ɗauko soson ƙarfe da garin sabulu da ruwan zafi, na duƙa ina dirza. Ina ganin kumfar tana canza kala, na ɗauka dauɗa ce ke fita.

A haka ƙanen mijina ya same ni.

"Matar yaya! Tukunyar wa kike wankewa haka?" Ya matso, ya ga soson, ya dafe kai. "Da yaya na nan, wallahi yau a gidanku za ki kwana."

Na yi dariya, dariyar ta juye kuka.

Ya kira Dogo, abokin aikin mijina na shekara ashirin. Dogo ya zo, ya shafa bonet da babban yatsa.

"Maman Auta, ƙwai cin fenti yake yi. Da a ranar kika kwarara ruwa kika bi da tsumma mai laushi, da shi ke nan. Rana ta dafa shi a jiki, soso kuma ya ƙarasa."

"To ka gyara wurin kawai."

"Da wace kala? Mutumin nan da ido yake haɗawa, ya ɗiga wannan ya ɗiga wancan. Ko ni bai taɓa gaya mini ba, ɗan rowa. Sai dai a kankare duka a fesa sabo. Fari zan yi miki, ta dawo kamar daga kamfani."

Ƙanen mijina ya ce hakan ya fi. Na dubi bayan motar da gefen dama, inda ƙwai bai kai ba. Suna nan suna sheƙi yadda ya bar su.

"In aka bar ta haka fa?" na tambaya.

"Wuri biyu kin kai har ƙarfe. Tsatsa za ta shiga."

"To toshe waɗannan biyun da duk kalar da ke hannunka. Sauran kar ka taɓa."

"Za ta yi muni fa."

"Na ji."

Washegari ya zo ya shafa wani toka-toka a wuraren. Na ba ƙanen mijina makulli, ya matsar da ita gindin katanga, hanya ta buɗe.

'Yata Auta ta ce motar ta zama kamar mai ƙyasfi. Gaskiyarta ce. Kullum da safe ina wanke ta da tsohuwar singiletin babanta, daga baya nake farawa. Kafin in fito sai na wanke hannuna da sabulu, ko ban taɓa miya ba.