Ranar da Tarwadar Oga Lanre Ta Shigo Layinmu

Yaya Winifred, ajiye jakar, ki zauna, ruwan ma sai na gama ba ki labari. Ƙanwarki ta auri namiji, yau Basawa kaf an sani.

Kin san wurin shaƙatawar Oga Lanre, inda maigidana Sati ke tuƙa wa mutane kwale-kwale? Dam ɗin wurin ai ba na gwamnati ba ne, Oga ne ya tara ƙasa ya tare rafi. Mu layinmu yana ƙarƙashinsa, in ina shanya kayan 'yata Diana sai na ɗaga kai nake ganin bangon. Akwai wata kafa a gefe da ruwa ke fita in ya cika. To, bana Oga ya zuba tarwada, ya sa aka toshe kafar da ragar waya don kar kifinsa ya gudu. Ya ce duk wanda ya taɓa ragar nan ya nemi wani aikin.

Daren jiya aka kwana ana ruwa. Da safe ina shirin coci, na goya Diana, sai ga Baban Diana ya shigo jiƙe sharkaf.

"Ki ɗauki yarinya ku hau tudu," ya ce. "Leda da ganye sun toshe raga, ruwa ya fara lasar saman bango."

"Ka kira Oga?"

"Wayarsa a kashe, yana coci a Sabon Gari."

Sai na ga ya ɗauki filaya. Na ce, "Aikin fa?"

Ya ce, "In bangon ya tafi, a ina za ki dafa albashin?"

Na bi gida-gida ina buga ƙofa, muka hau tudu da rigunan coci. Daga can muna hangensa a ruwa har ƙirji, yana yanka waya. Da ragar ta buɗe, ruwa ya bi kwata ya gangara rafi, dam ya fara sauka. Sai kifi, Yaya. Tarwada ƙatta-ƙatta suna birgima a kwatar layinmu. Madam Clementina mai shago a kwanar layi ta cire ɗankwalinta na coci tana kamu da shi.

Da azahar Oga ya iso, ko motar bai kashe ba.

"Sati, wa ya ba ka izini?"

Baban Diana ya kai shi saman bango inda ruwa ya fara cin ƙasa. Oga ya dubi ramin, ya dubi rufin gidajenmu, ya sake duban kafar da kifinsa ya bi. Ni na san korar ce ke zuwa.

Sai na juye tarwadar da na kama a baho, na ɗora a ka, na kai gabansa na sauke. Matan layi suka biyo ni, wata da bokiti, wata da robar wanka, har da mai tukunya.

Madam Clementina ta zo hannu wofi. Ta ce, "Oga, nawa sun riga sun shiga farfesu. In ka kori yaron nan, ko romo ba za ka sha ba."

Can Oga ya ce, "Sati, gobe ka zo da filayar, a cire sauran ragar. Zan kawo injiniya ya duba bangon." Ya zaro babbar cikin bahona ya miƙo mini, wai ta Diana ce. Yarinyar da ko haƙori ba ta da shi.

Tana tukunya yanzu haka. Bari in kawo miki ruwan, ki wanke hannu gaba ɗaya.