Ranar da Saje Ya Goge Kakinsa

Saje ya san abin da ake faɗa a kan sojoji. Ya ji a motar haya, ya ji a shagon aski, ya ji har a bakin surukinsa: wai duk yaron da boko ya ƙi a kai shi soja, can ƙafa ake nema, ba kai ba. Bai taɓa musu ba. Aikinsa a rundunar manyan bindigogi shi ne lissafa inda harsashi zai sauka, kuma mai irin wannan aiki ba ya ɓata yawunsa a kan wanzami.

Abin da ya kasa haɗiyewa shi ne na Auta. A cikin 'ya'yansa ita kaɗai ta ɗauko kansa. Kullum da yamma suna zaune a teburin cin abinci, wanda aka tokare ƙafarsa ɗaya da kwali, yana nuna mata gajerun hanyoyin lissafi. Da aka yi jarrabawar shiga ajin kimiyya, ta warware tambayar ƙarshe ta hanyar da ba a koyar a makaranta ba. Malamin lissafi ya zagaye amsar da jan biro, ya ce satar amsa ce, aka tura ta ajin da ake tara waɗanda aka fid da rai da su.

"Ba ki yi masa bayani ba?" in ji Saje.

"Na yi, Baba. Ya ce wa ya koya mini, na ce kai. Ya ce me kake yi, na ce soja ne." Ta sunkuyar da kai. "Sai 'yan aji suka fashe da dariya. Har da shi."

Saje ya yanke shawara. Ba roƙo zai je ba, ba kuma faɗa ba. Abu ɗaya zai nema: a tsayar da yarinyar gaban allo, a ba ta alli da duk tambayar da suka ga dama.

Da safe ya ɗauko kakinsa ya shiga guga. A bariki ba a zuwa gaban babba da kayan zaman gida, raini ne, shi kuwa shugaban makaranta babba ne a wurinsa. Ya goge takalmi har yana ganin fuskarsa a ciki.

"Baban Auta, ka sa riga irin ta mutane mana," in ji matarsa.

"Wannan ta awaki ce?"

"Ni dai na faɗa maka."

Maigadin makaranta bai ko tambaye shi wurin wa ya zo ba. Sakatariya ta miƙe har shayinta ya zube. A ofis ya tarar da shugaban makaranta, gajeren mutum mai tabarau, takardun shaidar karatunsa jere a bango kamar hotunan iyali. Saje ya buga ƙafa ya sara masa. Ba a ce ya zauna ba, don haka bai zauna ba. Ya tsaya ƙiƙam, inuwarsa ta rufe teburin, ya yi magana da muryar da ya saba ba da rahoto da ita.

"Na zo kan maganar 'yata."

"An gama, yallaɓai."

"Ban faɗi abin da nake so ba."

"Ko mene ne, an gama."

Aka aika aka kira malamin lissafi. Ya shigo yana goge tafin hannu a wando. "Kuskure ne, yallaɓai, aiki ne ya yi mini yawa."

"Ku kira ta. Ku ba ta alli."

"Haba yallaɓai, wa zai gwada 'yarka?" in ji shugaban. "Mun yarda."

"Ban ce ku yarda ba. Cewa na yi ku gwada ta!"

Muryar ta fito da ƙarfi fiye da yadda ya so. Ya ga idon shugaban ya sauka kan ƙugunsa, inda babu komai sai bel. Saje ya zaro takardar da ya warware tambayar a kanta, layi bayan layi, ya miƙa wa malamin.

"Ƙwarai kuwa, ƙwarai," in ji malamin yana gyaɗa kai. "Ai na gani sarai."

Takardar a juye take a hannunsa.

Kafin a tashi an mai da Auta ajin kimiyya. Ba wanda ya ba ta alli.

Sakatariya ba ta bar labarin ya kwana ba, kuma kowane baki ya ƙara masa gishiri. Da farko an ce ya daki tebur, daga baya aka ce da bindiga ya zo. Idan Auta ta shiga aji sai yara su miƙe su sara mata. Idan ta fi kowa maki, malamin lissafi ya miƙa mata takardarta da hannu biyu, ya ce wa 'yan aji, "Ni dai ina da iyali, ba na rigima da bariki." Duk abin da ta ci, bindiga ce ta ci. Ta daina ɗaga hannu a aji. Ta daina kawo littafi teburin yamma, kullum wai kanta na ciwo.

Wata rana ya tashi aiki da wuri, ya sa riga irin ta mutane, ya je ɗaukar ta. Ya tsaya jikin katanga kusa da masu talla. Ba kaki, ba wanda ya dube shi sau biyu.

Can ya ga ɗalibai sun yi da'ira suna dariya har da riƙe ciki. Ya matsa. A tsakiya Auta ce, ta turo ƙirji, ta ɗaure fuska, tana buga ƙafa a ƙasa.

"Cewa na yi ku GWADA ta!"

Muryarsa ce sak, har da yadda yake jan numfashi ta hanci. Yarinyar ba abin da ke wuce ta, shi ya fi kowa sani. A hannunta akwai takarda, ta riƙe ta a juye tana zazzare mata ido. A ofis malamin ne ya riƙe takarda a juye, amma a wasan nata Saje ne ke riƙe da ita.

"Don Allah da gaske bai iya karatu ba?" in ji wata mai kitso biyu, tana share hawayen dariya.

"Soja fa na ce muku," in ji Auta. "Hagu da dama ma sai an ɗaura masa zare a hannu."

Suka sake kecewa. Wata ta rungume ta, wata ta miƙa mata alewa. Rabon da ya ga wani ya raɓe ta tun kafin jarrabawar.

Sai ta ɗago ido ta gan shi.

Ya jira ta sauke takardar. Ƙawayen nata ma jira suke, suna son ƙarshen wasan. Ta dube su, ta dube shi. Sannan ta haɗe ƙafa ta sara masa, kamar wani baƙo ne ta samu na ƙarasa wasa da shi, yara suka yi ta tafi.

Saje ya lura gwiwar hannunta tana daidai, yatsun a haɗe, babu inda za a gyara. Shi ya koya mata, tana ƙarama.