Dunƙulen Malam Idrisu

A shekarar da Hannatu ta daina ɗauko dankalin Turawa daga Jos, sai ta koma Bompai da akori-kurarta, ta shiga layin masu jigilar sababbin babura. Wani kamfani ne yake harhaɗa su a can, motoci kuma su kai wa dillalai a Kazaure da Gumel da Haɗeja. Motoci goma sha ɗaya ta tarar a layin, tata ta zama ta goma sha biyu, kuma ita kaɗai ce mace. Da kanta take tuƙi, ɗankwali ɗaure tamau.

Dokar wurin ɗaya ce, tana kuma hannun heluma, Malam Idrisu. Idan an gama lodi, babur shida da akwatunan kayan gyara huɗu, sai ya zo ya durƙusa, ya dunƙule hannu ya cusa tsakanin tayar baya da bodin mota. In ya shiga, Allah ya kiyaye hanya. In bai shiga ba, a sauke kaya. Wanda aka sauke wa kaya sau uku, an soke sunansa daga rajista ke nan. An kafa dokar ne tun ranar da wata mota ta zauna a kan tayarta a hanyar Gumel, tayar ta fashe, babura suka watse cikin gonar gero. Ba mai musun dokar. Sai dai Allah ya yi wa Malam Idrisu hannu kamar kan taɓarya.

Sau biyu aka sauke wa Hannatu kaya a mako guda.

"Madam, motar nan da dankali ta saba," in ji Uba, direban da ke gabanta a layi, yana sakace haƙori da tsinken ashana. "Ki mai da ita Filato ta huta. Ko ki sayar mini, ina neman akurkin kaji."

Direbobi suka kwashe da dariya. Hannatu ta jingina da ƙofar motarta tana kallon yadda ake yi wa Uba lodi. Nan ta ga abin da ba ta lura da shi ba a da. Akwatunan nan masu nauyi, a bayan kan mota aka jera masa su, can gaba, sannan babura suka biyo baya. Ita kuwa duk sau biyun, babura aka fara sa mata, akwatuna suka ƙare a bakin wutsiya. Ta tada mota ta nufi gareji a Dakata.

Malam Muntari bakanike ya kwanta a ƙarƙashin motar ya daɗe, sannan ya fito yana kaɗe baya.

"'Yata, sifirin ɗinki ya mutu. Dubi, ya miƙe sambal kamar sanda. Abin da ya kamata ya lanƙwashe kamar baka."

"To a tashe shi, Baba."

"A tashe shi, wai gawa." Ya yi murmushi. "Za mu kwance, maƙeri ya buga masa baka, mu ƙara falle ɗaya kowane gefe."

"Biyu."

"Biyu? In babu kaya, motar nan za ta riƙa tsalle da ke kamar jakin da ƙuda ya ciza. Bayanki zai gaya miki."

"Bayana nawa ne, Baba. Ku sa biyu."

Ita da kanta ta shiga jujin tsofaffin ƙarafa da ke bayan garejin, ta yi ta juya fallayen sifirin na matattun motoci, tana ƙwanƙwasa kowanne da sifana kamar yadda ya nuna mata. Mai tsaga muryarsa a dushe take, lafiyayye kuwa sai ya yi ƙara ya ja. Ta zaɓo huɗu. Kwana uku aka yi ana aikin, don sai da aka nemo dogon noti da zai ɗaure fallayen a tsakiya, ran Juma'a kuma aka tashi da wuri. Ran Asabar da la'asar aka sauke jak. Motar ta tsaya gindi a sama, kamar akuya tana shan ruwa a rafi.

Malam Muntari bai yi ƙarya ba. Kafin ta kai gida sau biyu kanta na bugun rufi.

Litinin da safe, jiniyar masaƙa na kiran masu aikin safe, Hannatu ta juya motarta da baya zuwa bakin sito. 'Yan lodi suka turo babur na farko a kan katako.

"Ku dakata," ta ce. "Akwatuna tukuna."

Suka dubi juna, suka dubi Malam Idrisu, wanda ke zaune a kan benci da rajista a cinya.

"Madam, ke za ki koya mana lodi?" ya ce ba tare da ya ɗago ba.

"A'a, Malam, ku kuka koya mini. Na ga yadda kuke yi wa kowa. Irinsa nake so, ba ƙari ba ragi."

Ba wanda ya motsa. Sai ta gyara ɗaurin zaninta, ta shiga sito ta rungumi akwati ɗaya. Nauyinsa ya kusa durƙusar da ita. Ta ja shi a ƙasa, ta jingina shi da katakon, ta tura da kafaɗa har ya hau, sannan ta bi shi ta kai shi bayan kan mota. Ta sauko ta koma ta kama na biyu. Tana tsakiyar katako da shi sai ta ji nauyin ya ragu. Wani dattijo ne cikin 'yan lodin, mutumin Maraɗi, ya kama ɗaya gefen, bai dube ta ba, bai kuma dubi heluma ba. Sauran suka biyo shi ɗaya bayan ɗaya.

Aka jera babura shida, kan wannan wajen wutsiyar wancan, aka cusa buhunan algarara a tsakani don kada fenti ya goge. Hannatu ta bi igiyoyin tana ja da dukan ƙarfinta. Motar ta sauko, ta daidaita, ta tsaya.

"Malam, bismilla."

Malam Idrisu ya taso a hankali, ya zagaya motar, ya leƙa ƙasa.

"Wannan tarkacen juji ne. In ya karye alhali hannuna na ciki fa?"

"Kai, Malam, ƙarfen Dakata ne," Uba ya ce, "ko kuturu ba zai sa hannu ba."

Hannatu ta durƙusa a cikin laka, ta zura hannunta har kafaɗa a saman tayar, ta bar shi nan.

"Uba, hau wutsiya. Hau mana, ai kai ne mai ƙiba. Yi tsalle."

Direbobi suka ɗau ihu suna tura shi. Uba ya hau yana dariyar yaƙe, ya yi tsalle sau ɗaya, sau biyu. Babura suka girgiza, bodin ya ɗan rusuna ya koma. Hannatu ba ta ko ƙifta ba, idonta na kan heluma.

"Nawa hannun ya fito lafiya, Malam. Saura naku."

Ya durƙusa. Dunƙulen ya shige, har da sauran wuri a samansa. Ya juya shi, ya sake juyawa, kamar mai neman inda zai maƙale. Sannan ya miƙe, ya share hannu a jikin riga, ya koma benci ya buɗe rajista. Ya daɗe yana bin shafin da biro.

"Maigatari," ya ce.

Kowa ya san ruwan bana ya cinye hanyar daga Gumel zuwa can, mako biyu ke nan direbobi na zillewa.

"Wa zan tambaya in na isa?" in ji Hannatu.

"Alhaji Abdullahi, bakin kasuwa."

Ta karɓi takardar, ta ninke ta tura cikin ɗankwali. Ta shiga ta murɗa makulli, ta leƙo ta taga.

"Uba, janye akwalarka, ka tare mini hanya."